Kwana Goma Sha Ɗaya

Yau kwana goma sha ɗaya
da na tura kwalbar can ƙuryar durowa,
fararen ƙwayoyin ciwon damuwa
da muka yi shekara huɗu muna karya kumallo tare.
Ban gaya wa Likita Urrutia ba.
Na ce bari in ga kamun ludayin jikina.

Ƙarfe uku na dare na farka
kamar an kira sunana daga tashar jiragen ruwa.
Na wanke tagogi. Na goge murhu har na ga fuskata.
Kafin tsuntsayen teku su fara rigima kan kifin jiya
na shafe ƙofata da shuɗin fenti,
na shafe ta Don Eleuterio ma, bai roƙe ni ba.

Balparaiso garin matakala ne.
Ɗari da sittin da biyu daga kasuwar kifi zuwa gidana.
Bara sai na tsaya sau uku, in jingina da bango,
in tsine wa wanda ya gina su.
Yau na bar akwatin ƙarfen da ke jan mutane sama ya wuce,
na haye da gudu, jaka biyu a hannu,
na isa ina dariya, ban san da wa ba.

Lemo ya dawo da tsaminsa.
Gishirin iska ya dawo bisa harshe.
Ashe haka ja yake da ja?
Wa zai ce wa wanda ya fito daga rijiya
ya rage kallon rana?

Maite ce ta ce.
Ƙanwata, ta waya: "Griselda, numfasa.
Minti ashirin ban samu na sa baki ba.
Awa nawa kika yi barci?"
Na ce uku. "Shekaranjiya fa?"
Na ce barci ai asarar rayuwa ne.
Shiru ya yi tsawo
har na ji gurnanin firjin gidanta.
Sai ta ce, "Haka Baba ya ce."

Baba.
Shekarar da ya sayi kwale-kwale uku a mako guda,
mutumin da ko iyo bai iya ba.
Ya rubuta sunayenmu a jikinsu,
ya hau rufi yana rera waƙa ga dukan unguwa,
mu kuwa muna tafi, mun zaci biki ne.
Yuni ya zo da ruwansa da sanyinsa,
ya juya fuska ga bango wata biyar.
Kwale-kwalen suka ruɓe da sunayenmu a kai.

Likitoci suna da suna ga wannan: maniya.
Na juya kalmar a baki kamar ƙwallon zaitun,
ba ta haɗiyuwa, ba na son tofarwa.

To wace ce wannan a cikin rigata?
Ni ce ta dā, wadda nauyi ya danne ta taso,
ko baƙuwa ce mai muryata
da ta shigo da ashana a aljihu?

Na zazzage jaka a kan tebur.
Rasit na fenti, gwangwani tara.
Gita, ni da ban taɓa kaɗa ko kwano ba.
Tikitin jirgi zuwa kudu, ba na dawowa.
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Na kira asibiti. Bakina ya riga ni gudu,
matar ta ce in maimaita a hankali.
Gobe ƙarfe tara. Kada in ƙara, kada in rage
komai da kaina kafin a gan ni.

Maite ta zo da bargonta, ta karɓi katin bankina,
ta kwanta a kujera da takalmi a ƙafa.
Ni ina nan, ido biyu,
ina ƙirga fitilun jiragen da ke jiran safiya.
Ina son farin cikin nan. Allah ya sani.
Ina so kawai a duba mini bakinsa,
a ga ko yana da haƙora.

Fentin ƙofar bai bushe ba tukuna.