Daren Ajna

Jirgin cikin gari na ƙarshe ya wuce,
dusar ƙanƙara ta toshe bakin Sarajevo.
Sanela tana gidan burodi, hannunta cikin ƙullu har asuba.
Saura ni da Ajna,
da wannan zafi da ya shigo bai yi sallama ba.

Na ɗora bayan hannuna a goshinta.
Hannu ba ya ƙarya, amma bai iya lissafi ba.
Wanda ya iya yana cikin aljihun tebur,
tsakanin almakashi da mataccen batir,
siriri, shiru, yana jiran hammata.

Na san halina.
In na ga lamba, kaina za ta hau ta miƙe ƙafa,
in daina ganin 'yata, in koma gadin talatin da tara.

Da magariba surukata Fikreta ta sauko daga bene
da yankakken dankali a faranti:
"Cusa mata a safa, yana shanye zafi.
Haka na raini huɗu, shekarun da ko wuta babu."
Na karɓa hannu biyu.
Wa ke musu da wadda ta raini huɗu a duhu?
Farantin yana kan firji, ya fara baƙi.

Nas ɗin unguwarmu kuwa, wancan karon, cewa ta yi:
"Nedim, ta wuce jaririya, ita za ka duba.
Tana sha? Tana gane ka? Wuya na lanƙwasa?
Numfashi fa? Ƙuraje fa?
In ɗaya ya karkace, ko dare ya raba, ku taho."

To, ta sha. Har faɗa ta yi mini
don na kawo ruwa a kofin da ba ja ba.
Na ɗaga rigarta a hankali, fata sumul.
Na ƙirga numfashinta kamar mai jan carbi,
na ɓata, na sake daga fari.

Barci ma magani ne, kuma ba a auna shi da cokali.
Na tura aljihun teburin ya rufe.

Ƙarfe huɗu ta farka da kanta:
"Babo, ƙafafuna suna kuka."
Sai a sannan na ɗauko shi.
Talatin da takwas da ɗigo tara.
Ba lambar ce ta buɗe kwalbar ba, ƙafafun ne.
Na duba nauyinta da Sanela ta rubuta a kalanda,
na zuba daidai layi, ko ɗigo ban ƙara ba,
na rubuta lokaci a bayan takardar kuɗin wuta
don kada gajiya ta sa a maimaita.

Sa'ad da ladan ya ɗaga murya a ƙetaren Miljacka
gashinta ya jiƙe, ta ture bargo da ƙafa.

Makulli ya motsa.
Sanela, da ƙamshin burodi a mayafi: "Nawa ya kai?"
Na ce, "Ta sha kofi biyu. Ja."
Ta daɗe tana dubana, sannan ta dubi farantin.
"Ɓoye wannan," in ji ta, "kafin uwata ta sauko."