Gurbi Huɗu

A Maiurno wuta ta ɗauke tun la'asar.
Na ɗauki kwamfuta zuwa shagon Abdulbaƙi mai walda,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
na zauna kan buhun riɗi, na buɗe gyaran da aka turo.

Daga Fau ne. Ummulhairi. Ban taɓa jin sunan ba.
Layi talatin da bakwai ta taɓa
cikin manhajarmu ta rabon ruwan gonaki,
wadda muka bar ƙofarta a buɗe shekara shida,
kowa ya shigo da fartanyarsa.

Idona bai faɗa kan ruwa ba, kan shara ya faɗa.
Inda ƙa'ida ta ce gurbi huɗu, ta ba da biyu,
can ƙasa uku, kamar giɓin bakin yaro.
Wani layi ya zarce harafi tamanin,
ya fice daga allo kamar akuyar da ta tsinke igiya.
Ga wani ma'ajin lissafi ta raɗa masa suna:
rabon_baba.

Na wasa jan alƙalami.
Gyara goma sha tara na jera mata, ɗaya bisa ɗaya.
Kada a ce mugunta ce. Ni na rubuta ƙa'idar,
shekarar da mutum biyar suka yi aiki ɗaya da hannu biyar,
muka kwana uku muna farautar kuskure
da ya laɓe a bayan karkataccen layi,
auduga kuwa tana can tana jiran mu da ƙishi.
Gini in ba igiya, ai sai ya karkace.

Saura in aika, yaron shago ya kawo jabana.
Kofi da zafi, ba ya shayuwa,
sai na ce bari in karanta abin da ta ce,
tunda na gama karanta yadda ta ce shi.

Ashe in an raba awannin ruwa tsakanin gonaki,
ragowar mintuna manhaja zubar da su take yi,
kullum kuma daga rabon na ƙarshe take yanka,
mai gonar da ke wutsiyar magudana.
Minti goma sha ɗaya, kowane zagaye.
Shekara shida.

Na bi sawun ɓarnar har gidanta.
Layina ne.
Gurbi huɗu cif, waƙafi a mazauninsa,
fes kamar rigar Juma'a.
Mutum nawa suka duba shi suka wuce?
Mai kyan tufafi ba a caje shi a ƙofa.

Na san abin da Dafa'allah zai ce daga Madani:
ka bar ɗaya yau, gobe goma ne,
wa zai karanta wannan bayan mun tsufa?
Yana da gaskiya. Ita ce ma ta hana ni sakewa.
Sai dai na tuna gyarana na farko, ina ɗan ashirin,
wani da ban taɓa gani ba ya mayar mini da shi kan aya ɗaya,
na yi wata takwas ban sake turawa ba.

Abdulbaƙi ya ɗaga gilashin fuskarsa,
ya buga ƙyauren da ya haɗa da guduma, ya saurara.
Ɗinkin ya yi ƙuraje, amma ya kama.
Sai yanzu ya jawo injin guga.

Na goge goma sha takwas.
Na rubuta: Kin ga abin da muka kasa gani. Na karɓa.
Guraben, akwai na'urar da ke daidaita su, ga yadda ake kunna ta,
ba aikin mutum ba ne, laifinmu ne da ba mu ɗora ta a bakin ƙofa ba.
Dogon layin nan kaɗai ki karya shi biyu,
akwai masu karantawa a waya.

Sunan kuwa, na daɗe da yatsa a kansa.
Ƙa'ida ta ce a'a, shafi na uku, ni na sa hannu.
Janareto ya yi tari, allo ya lumshe ya dawo.
Na bar shi.
Na ƙara tambaya ɗaya a ƙasa, wadda ba ta cikin bita:
me ya shuka bana?