Dangwalen Babban Yatsa

Gwangwanin biskit ne, shuɗi, murfinsa ya lotsa.
Shekara talatin da ɗaya yana saman kabad
a gidanmu na Bodo, bayan kwalin fitilun Kirsimeti.
Daren jiya Mama Ragnhild ta taka kujera da kanta,
ta hana ni riƙe mata,
ta sauko da shi, ta goge da hannun riga,
ta turo min kusa da kofin shayi
kamar wadda aka ce miƙo gishiri.

Takarda huɗu ce a ciki.
Da hoton jaririya mai kumburarrun idanu.
Ta uku ta ce: Pasto, Kolombiya, watan Maris.
Sunan uwa, Nubia Chamorro. Shekarunta sha tara.
Wurin sa hannu babu ko harafi,
sai dangwalen babban yatsa,
tawadar ta yi yawa har ta malala gefe guda.
Na ɗora nawa a kai.
Nata ya fi ƙanƙanta.
Ashe yanzu na girme ta da shekara sha biyu,
yarinyar nan da ta haife ni.

Matar ofis, Oddny, mai tabarau a tsakar ka,
ta ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Ta ce ki shirya jin ta rasu.
Ki shirya tarar da miji da ’ya’ya
da ba su taɓa jin labarinki ba,
ƙwanƙwasa ƙofarki ta zame mata gobara.
Sunan ma, ta ce, ba mamaki wani ne ya ƙaga
don takarda ta cika.
Na ce to.
A mota na zauna minti arba’in ban murɗa makulli ba.

Na tofa yawu a ’yar kwalba,
na liƙe, na kai gidan waya.
Abin dariya:
duk likitan da ya tambaye ni ciwon gado
sai in ja layi a gurbin amsa,
yau kuwa yawuna ya riga ni tafiya neman dangi.

A bas nake koyon Sifaniyanci.
Na iya tambayar kuɗin dankali,
na iya cewa ina tashar mota.
Har yau ban samu darasin da ake cewa
ba faɗa ya kawo ni ba,
ba kuma bashi na zo karɓa ba,
so nake in ga wanda ya ba ni wannan wushiryar.

Baba Torbjorn bai ce uffan ba.
Yana rumfar bakin teku yana ɗinkin koma
da tun bara ba ta da ɓula.
Da safe na tarar da busasshen kifi a jakata,
an naɗe shi da jarida, an rubuta: tsaraba.

Wasiƙar ce ta gagare ni.
Sau tara ina yagewa tun daga layin gaisuwa.
Kalmar Mama tana da mai ita,
ga ta can a kicin tana wanke kofin da ta riga ta wanke.

Ta leƙo ta ce, in kin gan ta,
ki gaya mata kin yi ƙyanda kina shekara shida,
ba ki cin wake, kina tsoron agwagwa.
Ki ce na gode.
Ta yi shiru, ruwa na zuba a famfo.
A’a, ta ce, kar ki ce na gode,
ai ba tukunya ta ara min ba.
Ki dai nuna mata hotunan.

Ƙarfe uku na rana, gari ya riga ya yi duhu,
dusar ƙanƙara ta binne matakalar ƙofa.
Can inda aka yanke cibiyata hantsi ne yanzu.
Wata mata mai shekara hamsin,
in tana raye,
wataƙila tana shanya, ko tana ƙirga canji
da wannan babban yatsan.
Ba ta san na sayi tikiti ba.
Ban kuma san ko tana ƙirga watan Maris ba.