Hancin Tanki

Ranar da na sayi Mirta a tashar Korcula,
Frane, mai ita na da, ya shafi ƙeyarta ya ce:
"Jirgi ba sayensa ake ba, Duje, aurensa ake.
Sadaki ba wuya, ciyarwa ce aiki."
Na yi dariya.
Shekara talatin da ɗaya ina cire haƙoran mutanen Split,
wane ƙarfe ne zai gagare ni?

Sai na shiga yi mata lefe:
allo mai leƙen ƙasan teku, yana ɗiga kifi kamar tawada,
rediyon kiran gaɓa, fitila mai kashe ido,
ɗan firji don cuku da inabi,
da kujerar fata wadda ta fi ta ɗakina.
Nevenka ta ce, "Filafili fa? Anga ta biyu? Doguwar igiya?"
Na ce, "Mai doki sittin a bayansa,
me zai yi da sanda?"
Ba ta tanka ba. Ta sayo da kuɗinta,
ta cusa ƙarƙashin benci.

Asabar, teku kwance kamar man zaitun a faranti,
muka nufi Lastovo.
Minti ashirin inji na rera abinsa,
sai tari.
Sai wani tarin.
Sai shiru irin na gidan da aka yi baƙon mutuwa.

Na kwance fulogi huɗu, na shinshina, na hura, na mayar.
Na murɗa kan batir, ba tsatsa.
Na duba matatar mai ko ruwa ya kwanta a gindinta,
tas take kamar idon jariri.
Na leƙa farfela ko ta naɗo tsohuwar koma.
Babu.
Na ja makulli, ya tashi! Na buga ƙirji.
Minti uku, ya sake ɗauke wuta.

Allon nan kuwa bai fasa aikinsa ba,
yana nuna mini kifaye suna wucewa ƙarƙashinmu,
kowanne ya san inda za shi.
Iskar rana ta taso daga yamma,
tana tura mu sannu, sannu,
wajen duwatsu masu haƙoran da ban taɓa cirewa ba.

Nevenka ta jawo angarta, ta jefa.
Igiyarta ta kai inda tawa ba za ta kai ba.
Muka tsaya cak.
Ba ta dube ni ba, wannan ya fi zafi.

Can ta ce, "Ka tabbata akwai mai?"
Na ce, "Da hannuna na cika!"
Ta murɗe murfin tanki duk da haka,
sai tanki ya ja dogon numfashi, fuuu,
irin na wanda aka daɗe da shaƙe wa wuya.

Ashe hancinsa ne a toshe.
Ɗan ramin iska, bai fi ƙwayar gero uku ba,
zanzaro ya samu, ya yaɓa laka,
ya ajiye 'ya'yansa, ya rufe ƙofa.
Magini mai ƙugu kamar zare
ya ɗaure doki sittin wuri ɗaya.

Da tsinken gashinta na sakace shi,
aikin da na sani, a ƙarshe:
buɗe baki, riƙe numfashi, ba zafi.
Laka ta zubo a tafina. Inji ya ɗauka, bai ƙara tari ba.

Lastovo ba mu je ba ranar.
Cukun mun cinye shi a hanya, da sanyinsa,
firji dai ya fita kunya.

Yanzu akwatin sifanata yana da sabon ma'aikaci,
baƙin tsinke mai lanƙwasa.
Nevenka ta ce aro ne.
Jiya kuma na ga zanzaron yana shawagi a kan Mirta,
da laka a baki, yana auna wuri,
kamar shi ma ya biya Frane.