Toka da Aska

Bayan an kaɗe riɗi a gonakin Gadarif,
manyan motoci sun kwashe buhuna sun tafi,
abin da aka bar mana kara ne.
Na tara dami uku a bayan rumfa,
na cinna masa wuta da la'asar,
kafin lisha ya zama toka.

Tukunyar Goggo Kande mai huda a gindi
na shimfiɗa wa ciyawa da tsumman jallabiya,
na zuba, na danna, na kwarara ruwan randa.
Kwana biyu tana ɗiga kamar mai biyan tsohon bashi,
ɗis, sai shiru, ɗis,
jawur kamar shayin da aka manta a kan garwashi.
Ba a kai shi harshe. Gashin kaza ake tsomawa:
in ya fito a tsige, ruwa ya kai;
in ya fito da adonsa, a ɗora a murhu,
sai ya ƙone rabi zai sauka.

Man riɗi na auno wurin Attayib,
mai raƙumin nan da aka ɗaure wa ido,
tun asuba yana zaga turmi, yana zaton Kasala za shi.
Kitsen rago kuwa tun na layya na adana,
na narkar, na tace sau biyu,
don kumfar mai zalla ba ta da haƙuri,
tana tashi take bin iska.

Sai juyi.
Muciya ɗaya, gefe ɗaya, har kafaɗa ta yi tsami.
Daga kan gadon igiya Baba Nomau ya ce,
"Kada ka sauya hannu, yaro, yana ganewa."
Yaron nan furfura ta fara yi masa sallama,
amma na ce to, na ci gaba,
har na ja layi a kai, layin ya tsaya bai nutse ba.
Na barbaɗa kanumfarin da na daka.

A gwangwanin alawar riɗi na juye shi,
na tura ƙarƙashin gado kwana arba'in.
Ba ya tauri irin na kanti;
laushi gare shi, kamar man shanu a ƙoƙo.
Kakana da zabira ya baro Haɗeja a ƙasa, Makka za shi,
ya tsaya nan ya aske kawunan kuɗin jirgi.
Kawuna ba su ƙare ba, kuɗi ba su cika ba,
zabirar ce har yau rataye a ɗaka.

Shekara arba'in Baba yana wasa ta a tafin hannu,
bai taɓa tsaga ko ƙurji ba.
Bana hannun ya soma rawa,
shayi ma sai ya zuba a riga.
Ran nan ya miƙo mini ita bai dube ni ba,
ya ce wai idonsa ne ba ya son hasken aska.

Juma'a da hantsi na ɗebo da yatsa biyu,
na kaɗa da ruwan ɗumi har ta yi kauri.
Ya shinshina, ya ɓata rai:
"Kanumfari ya yi yawa."
Sannan ya rufe ido, ya ɗaga mini maƙogwaro,
mutumin da ya aske ni ran suna
ina tsala ihu a cinyar Goggo.
Ban taɓa sanin ƙashi ya fito masa haka ba
sai da kumfa ta rufe fuska.

Na bi kunci, na bi haɓa, numfashina a riƙe.
Daf da kunnen hagu hannuna ya zame.
Ɗigo ɗaya, ja a kan fari.
Bai motsa ba, bai buɗe ido ba,
ya ce, "Nan ni ma na fara yankar ubana.
Jeka bayan rumfa,
ai ka rage ɗan abin da za a shafa na toka."