Littafin da ke Aljihun Mota

A Spalding da lita ake sayar da mai,
da mil ake auna hanya,
in za a yabi mota kuma, sai a koma galan.
Mudu uku a kasuwa ɗaya.
Ni da biro nake shiga tsakaninsu.

Ran Litinin na cika tanki har wuya,
na mayar da agogon tafiya sifili.
Gida bakwai nake zagawa kullum,
in yi wa wannan wanka, in ba waccan magani,
in ɗaga labule, in ce gari ya waye.

Da tanki ya sake neman sha,
lita talatin da takwas ya haɗiye
a kan mil ɗari uku da arba'in.
Na raba da huɗu da rabi, na sake rabawa:
arba'in da 'yar ɗoriya.

Tsoho Tointon, gida na biyar,
can bayan gonakin kabeji,
wanda ya shekara talatin yana jan bas,
ya karɓi littafin, ya gyara tabarau.
"Ƙafarki na da zafin rai," in ji shi.
"Me kika tara a but?"

Buhun shinkafa tun na azumi,
jarka biyu, da keken da Nusaiba ta girme wa.
Na sauke. Na ba tayoyi iskarsu.
Na koyi hango jar wuta tun daga nesa,
in saki totur, mota ta gangara a hankali
kamar na ɗauko ƙwarya cike da nono.
Na daina barin inji na gurnani a ƙofar mutane
don kawai yatsuna su ji ɗumi.

Arba'in da uku. Arba'in da shida.
Duk Juma'a in kai masa lambar kamar tsaraba,
ya buga sanda a ƙasa, ya ce da saura.

Yau wata guda ban bi hanyar kabeji ba.
An goge gidan daga takardar aikina.
Mil goma sha ɗaya sun fita daga yinina,
babu kwanar nan mai laka,
babu taraktan da nake bi a baya ina tsaki.

Jiya a gidan mai, yayyafi na taɓa gilashi,
na raba, na sake rabawa.
Arba'in da tara.

Na rubuta. Na rufe littafi.
Na daɗe riƙe da makulli ban murɗa ba,
sai da na bayana ya danna mini oda.