Tukuna

Na shanya ƙananan kifi a kan asabari,
na ce Tadala ta kori hankaki,
na bi gaɓar tafkin Malawi a ƙafa
zuwa ajin da aka toshe tagarsa da zane.

Mu goma sha tara a benci.
Ba mai duban idon wata.

Kayan Nas Tiyamike ba yawa:
auduga, tocila, kwalbar ruwan tsami
irin wanda muke yayyafa wa kabeji.
Ƙarfen da sanyi.
Na ƙirga hujojin kwanon rufi har arba'in.

"Ga ɗan fari a bakin mahaifa,
bai kai ƙwayar masara ba.
Bai zama sankara ba tukuna. Yau za mu ƙone shi."

Tukuna.
Yayata Nasimango ba ta riski wannan kalma ba.
Shekara biyu tana wankin tsumma cikin dare,
muna cewa jifa ne,
har kwalekwale ya ƙare a hannun masu magani.

Da la'asar na dawo, ina taka yashi a hankali.
Hankaki ya cinye rabin shanyar,
Tadala na kuka.
Na ce share hawayenki,
gobe ma ina nan, tafkin ma yana nan.